Lambar da Babu a Kan Famfo: Manyan Motoci da Fetur Iri Ɗaya a Kafanchan

Daga tsakiyar Disamba titunan Kafanchan kan sake kama. 'Yan asalin yankin da ke aiki a Abuja da Legas da Fatakwal suna dawowa gida Kirsimeti, wasu su zauna har sai an yi bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, kuma kowa da abin hawansa yake zuwa. A irin waɗannan kwanaki ne ake ganin Marsandi C300 da GLK da BMW da Lexus sun bi layi ɗaya a gidan mai tare da Golf ta haya, da ɗan acaɓa, da a-kori-kurar da ta kwaso buhunan citta daga Kwoi. Yaron gidan mai zai zare bakin famfo daga tankin babur, ya juya ya zura shi a tankin motar da kuɗinta zai gina gida. Man ɗaya ne, farashin ɗaya ne, daga rami ɗaya aka zuƙo shi.

Kusan ko'ina a Najeriya haka abin yake. Fetur iri ɗaya ake sayarwa, wanda takardun gwamnati ke kira PMS. Direban da ya tsaya shan mai a Dubai ko Jamus, kai ko ma a Akara, zai tarar da famfo biyu ko uku, kowanne da lambarsa, 91 ko 95 ko 98, ya duba abin da motarsa ke so ya zaɓa. A Zonkwa da Kachia da Gidan Waya, lita da naira kawai famfo ke nunawa. Mai babbar mota a nan ba a ba shi zaɓin irin man da zai sha ba. Abin da ya rage a hannunsa shi ne inda zai sha, da yadda zai tuƙa, da kuma irin motar da zai saya tun farko.

Abin da lambar ke aunawa

Lambar da ake magana a kanta ita ce oktan. Da yawa sun ɗauka ma'aunin ƙarfin mai ce, wato wanda lambarsa ta fi girma ya fi sa mota gudu. A gaskiya juriyar mai take aunawa, yadda zai daure idan aka matse shi. A cikin silinda, fistin yana tasowa ya matse iska da fetur wuri guda har su koma kashi ɗaya cikin goma na girmansu, ko ƙasa da haka, sannan fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta ci a jere ta tura fistin ƙasa. Idan man ba shi da juriya, zafi da matsi sukan sa wani sashensa ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Direba mai kunne zai ji wata siririyar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a kan hawa, ko idan ya danna totur alhali mota tana babbar giya. Wannan ƙwanƙwasa dabam take da abin da bakanike ke nufi idan ya ce inji ya buga, amma idan aka bar ta tana cin kan fistin wata da watanni, can za ta kai.

Masu ƙera motoci sun daɗe suna fama da ita. A 1921 wani injiniyan kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa sinadarin dalma yana kwantar da ƙwanƙwasar, aka shiga zuba shi a fetur duk duniya, sai daga baya aka tabbatar guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da irin wannan mai, a 2021. Shi kuwa ma'aunin oktan, tun shekarun 1920 aka kafa shi da sinadarai biyu, ɗaya mai matuƙar juriya da aka ba lamba 100, ɗaya mai saurin fashewa da aka ba sifili. Yawancin fetur a tsakaninsu yake faɗowa.

Ƙa'idar da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta fitar a 2017 ta ce kada fetur ɗin Najeriya ya gaza 91 a ma'aunin RON, wanda shi ne ma'aunin da Turai da yawancin ƙasashe ke amfani da shi. A nan ne masu motoci da dama suke faɗawa tarko ba su sani ba.

Kaso mai yawa na motocin hannu da ake kira 'yan Kwatano ko Baljiyam daga Amurka suke fitowa. Mai Marsandi zai buɗe murfin tanki ya ga an rubuta cewa motar tana buƙatar 91, sai hankalinsa ya kwanta, tunda ya ji an ce man Najeriya ma 91 ne. Amma Amurka ba da RON take rubuta lamba a famfo ba. Gwaji biyu take haɗawa ta raba biyu, kuma lambar da ke fitowa takan gaza RON da maki huɗu zuwa biyar. Man da Ba'amurke ke kira 87, wanda shi ne gama-gari a can, shi ne ya yi daidai da 91 ko 92 na RON. Wanda yake kira 91 kuwa ya kai 95 ko 96, 93 ɗinsa kuma kusan 98 ne. Ke nan fetur ɗin da ake sayarwa a Kafanchan, ko da ya cika ƙa'ida cif, ajinsa ɗaya da mafi arha a gidajen man Amurka. Marsandin da aka ce a ba ta 91 na can tana shan abin da ya gaza buƙatarta da maki huɗu ko fiye a duk ranar da aka kunna ta.

Masu Corolla da Camry ba su da wannan damuwa, domin don 87 na Amurka aka ƙera injinansu, kuma man da ya fi haka lamba ba zai ƙara musu komai ba. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta lissafa a 2016 cewa direbobin ƙasar sun zubar da sama da dala biliyan biyu a shekara guda wajen sayen mai tsada ga motocin da ba sa buƙatarsa. Matsalar ta injin mai matsi sosai ce, da mai turbo.

Yadda mota ke shanye wahala

Abin da ya sa motocin ba sa mutuwa nan take shi ne, injin zamani yana da kunnen kansa. Akwai wata 'yar na'ura manne a jikinsa da ke sauraren ƙwanƙwasa, da ta ji sai ta sanar da kwamfutar mota, wadda bakanikai ke kira biren bos. Kwamfutar sai ta jinkirta tartsatsin fulogi kaɗan, a mai turbo kuma ta rage iskar da ake cusawa, wani lokaci ta ƙara fesa mai don sanyaya silinda. Injin ya tsira, amma da tsada: ƙarfin ja ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙin da ke fita ya fi zafi. Mai motar ba zai ga fitila ta kama ba. Zai dai riƙa cewa motar nan tana shan mai, ko kuma ba ta ja kamar yadda ya ga irinta tana yi a bidiyo. Ya biya kuɗin inji mai ƙarfin doki ɗari biyu da arba'in, wasu daga cikin dawakan kuma kullum a ɗaure suke.

Ƙasar kudancin Kaduna tana da nata hannun a cikin lamarin. Kafanchan tana sama da mita 700 daga teku, Jos kuma ta kai kusan 1,200. Duk wanda ya nufi Jos, ko ta Kagoro da Manchok zuwa Vom, ko ta Forest da Hawan Kibo, hawa zai yi ta yi. Ga injin da ba shi da turbo, tudu yana da wani ɗan sauƙi: iska ta fi sirantaka, matsin da ke cikin silinda ya ragu, buƙatar oktan ma ta ragu, ko da yake ƙarfi na raguwa da kusan kashi uku cikin ɗari a kowane mita 300. Shi ya sa a jihohin duwatsu na Amurka irin su Colorado har 85 ake sayarwa. Mai turbo bai cika samun wannan rangwame ba, domin aikin turbo shi ne ya cike iskar da tudu ya rage. Idan aka haɗa da zafin Maris da Afrilu kafin ruwa ya sauka, ga na'urar sanyaya mota a kunne, ga mutum biyar da kaya a but, ga tirela a gaba tana jan ciki ana neman wuce ta, to an tara wa ƙwanƙwasa duk abin da take so.

Direban da ya san motarsa yakan sauƙaƙa mata a irin wannan wuri. Maimakon ya danne totur har ƙasa tana babbar giya, sai ya sauko da giya ɗaya ko biyu, injin ya juya da sauri ba tare da nauyi ya danne shi ba. Ƙananan injina masu turbo sun fi shiga haɗari idan aka ɗora musu kaya suna juyawa a hankali. Lagireto mai tsabta da ruwan sanyaya inji na gaske, da matatar iska da ba ta toshe da ƙurar hunturu ba, da fulogin da kamfani ya ce a sa, kowannensu yana ƙara wa inji tazara tsakaninsa da ƙwanƙwasa.

Doguwar tafiyar lita ɗaya

A jihar nan akwai matatar mai. An buɗe ta a Kaduna a 1980, daga baya aka faɗaɗa ta har ta kai ganga 110,000 a rana, kuma an shimfiɗa bututu daga can zuwa defo-defo na Arewa, har da na Jos. Da tana aiki yadda aka tsara, da man da ake sha a Kachia bai yi tafiyar rabin yini ba. Shekaru ke nan ba ta tace fetur na a zo a gani ba, duk da kwangilar gyara da aka ba kamfanin Daewoo a 2023. Abin da ke isowa yankin yanzu a tanka yake zuwa daga bakin teku, daga Legas ko Warri ko Fatakwal ko Kalaba. Daga Legas tafiyar ta haura kilomita 900, ta Lokoja da Abuja, kwanaki a hanya, a sauke nan a ɗora can. Kowane sauyin hannu dama ce ta ruwa ko datti ko algus.

'Yan Najeriya sun ga iyakar abin a Fabrairun 2022. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa don sa ido a kan harkar, ta sanar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Jirage huɗu ne suka ɗauko shi daga Antwerp ta Baljiyam. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ambaci sunayen waɗanda suka shigo da shi, ciki har da Duke Oil, reshen NNPC ɗin kanta, wasunsu kuma suka fito suka musanta laifi. Motoci sun lalace, an janye man daga kasuwa, layuka suka miƙe makonni a gidajen mai har cikin Arewa. Abin da ya fi tayar da hankali a bayanin Kyari shi ne cewa gwajin da aka saba yi, a tashar da aka yi lodi da wadda aka sauke, bai ƙunshi auna yawan metanol ba. Wato takardun man sun cika, man kuma ya gurɓata. Metanol yana cin roba da wasu ƙarafa a hanyar mai, yana kuma jan ruwa, idan ruwan ya yi yawa sai ya rabu da fetur ya kwanta a gindin tanki, daidai inda famfon mota ke zuƙa.

Sai kuma sulfa, farar wuta. A Satumban 2016 wata ƙungiya a Suwizalan, Public Eye, ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa mai na musamman don Afirka ta Yamma, mai sulfar da ba za a yarda a sayar a ƙasashensu ba. Turai ta tsayar da iyakarta a kashi 10 cikin miliyan tun 2009, alhali a lokacin Najeriya tana karɓar fetur mai kashi 1,000. A Disambar shekarar, lokacin Amina Mohammed tana ministar muhalli, Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka haɗu a Abuja suka amince su rufe wannan ƙofa. Ƙa'idar 2017 ta sauko da fetur zuwa 150, ECOWAS kuma ta amince da 50 a 2020, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Sulfa ba ta sa inji ƙwanƙwasa. Aikinta a hankali take yi: ta kashe na'urorin da ke auna hayaƙi, ta toshe matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ta gurɓata baƙin mai kafin lokacinsa, ta kuma shiga huhun ɗan acaɓan da ke bin bayan motar.

Abubuwa sun motsa tun daga nan. Holan da Baljiyam sun sa dokar hana fitar da mai marar inganci daga tashoshinsu. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, wanda ya rage dogaro da na waje. Farashi kuwa ya bar inda aka san shi: daga ƙasa da naira 200 kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya haura 500 cikin kwanaki, ya ƙetare 1,000 a Abuja a Oktoban 2024. Mutumin da ke biyan wannan kuɗi yana da haƙƙin sanin abin da ya saya. A farkon 2025 wani bidiyo ya karaɗe wayoyi, inda aka zuba man gidaje biyu a ƙananan janareto biyu ana kallon wanda zai riga mutuwa, har NNPC ta fito ta ƙaryata sakamakon. Irin wannan gwaji ba ya auna oktan, ba ya auna sulfa, amma mutane da yawa sun kalle shi sun yarda, saboda ba wanda ya ba su wata lamba da za su riƙe.

Ramin da ke ƙarƙashin gidan mai

Ga mai mota a Kafanchan, mafi yawan ɓarnar da zai gani da idonsa a matakin ƙarshe take faruwa, tsakanin tanka da tankinsa. Kudancin Kaduna na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Arewa, daga Afrilu har Oktoba. Gidan man da ramin ajiyarsa ya tsufa, ko murfinsa yake a kwari inda ruwa ke kwanciya, ko bututunsa ya yi tsatsa, zai tara ruwa da laka a gindi. Wanda ba ya ciniki sosai kuma man zai daɗe a ciki, sassansa masu sauƙi su tashi, oktan ɗin ya ƙara sauka. Tsohuwar Peugeot mai kabireta takan yi tari ta wuce. Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda kuwa famfonsa yana aiki da matsin da ya kai bar 200, inda na tsohon tsarin injekta bai wuce uku ko huɗu ba, kuma ramukan nozul ɗinsa ƙanana ne ƙwarai. Ɗan ruwa da ɗan yashi sun isa su jawo aikin dubban ɗaruruwan naira, ga kayan sai an aika Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas.

Shi ya sa tsofaffin direbobin haya da ke tashar Kafanchan suka fi kowa sanin inda ake shan mai. Mutumin da ke zuwa Kaduna ko Jos ya dawo kowace rana, cikin mako guda zai gane gidan da litarsa ba ta cika da wanda mansa ke sa mota shaƙewa. Baƙon da ya zo hutu da babbar mota zai yi wa kansa gata idan ya tambaye su. Gidan da ke da ciniki, tanka na sauke masa akai-akai, ya fi wanda aka yi wa sabon fenti amma ba kowa a ciki. Idan aka tarar tanka tana cikin saukewa, gara a dawo anjima, domin zubar man tana tayar da abin da ya kwanta a gindin rami. Rasit kuma ba ƙawa ba ce. Ranar da mota ta tsaya kilomita biyar bayan shan mai, ita ce kaɗai shaidar da za a kai wa NMDPRA ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, tare da samfurin man a kwalba mai tsabta. Kwalbar ma kanta tana magana: idan aka bar ta ta zauna, ruwa zai kwanta a ƙasa a ga layinsa.

'Yan bumburutu suna da ranarsu. Wanda dare ya yi masa a ƙauye tsakanin Godogodo da Gwantu, ko manomin da babur ɗinsa ya tsaya a hanyar gona, ya san amfaninsu, kuma da yawansu samari ne masu neman na kansu da man da suka saya a gidan mai kamar kowa. Sai dai jarkar da ta wuni a rana ta rasa wani abu daga ingancinta, kuma ba mai iya cewa me aka taɓa zubawa a cikinta jiya. A da da kananzir ake yin algus, lokacin yana da arha. Yanzu da ya fi fetur tsada, abin tsoron shi ne man da ake dafawa a ɓoye a dazukan Neja Delta da sauran tarkacen da ba su bi ta kowane gwaji ba. Mai injin turbo da zai yi doguwar tafiya a yankin ya cika tanki tun daga gari. Barin tanki ya kai ja ma illa ce, domin man da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi.

Kwalaben shago da maganar indomi

A shagunan kayan gyara akwai kwalabe masu alƙawarin ƙara oktan. Yawancinsu idan sun ce maki uku, kashi uku cikin goma na lamba ɗaya suke nufi, wato daga 91 zuwa 91.3, abin da bai kai ko kusa da giɓin da Marsandi ke fama da shi ba. Waɗanda ke ɗaga lambar da gaske sau da yawa da sinadarin manganis suke yi, wanda ke barin jan ƙura a kan fulogi ya kuma taru a matatar hayaƙi. Na wanke nozul dabam ne, kuma mai kyau daga cikinsu yana da amfani lokaci-lokaci. A Amurka tun 2004 kamfanoni irin su BMW da Toyota da Honda da General Motors suka fito da tsarin Top Tier, inda gidan mai ke ɗaukar alkawarin zuba isasshen sinadarin wanki a cikin mansa. Babu irin wannan tambari a famfunan Kafanchan, ga jabun kwalabe kuma sun cika kasuwa.

Idan matatar hayaƙi ta toshe, wadda bakanikai ke kira indomi, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a fasa a cire. Motar takan saki jiki na ɗan lokaci, gaskiya ne. Amma fitilar gargaɗi za ta zauna a kunne har mai motar ya daina kula ta, ranar da wata babbar matsala ta zo ba zai sani ba, hayaƙin kuma mutanen unguwa ne za su shaƙa. Akwai ma masu zuga a cire don su sayar da ita, saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Bakaniken da ya fara sa kwamfuta ya karanta abin da injin ke faɗa kafin ya ɗauki guduma, shi ya cancanci a ba shi irin wannan mota, kuma samarin da ke koyon wannan aiki a garejojin yankin sun cancanci a tallafa musu da horo da kayan aiki.

Duk waɗannan dabaru ne na rage asara. Babu wanda zai mayar da 91 ya zama 95. Saboda haka zaɓi mafi girma a wurin dillalin mota ake yin sa. Kafin a biya, a buɗe murfin tanki da littafin motar a ga ko an ce mai babbar lamba dole ne, ko kuwa shawara ce kawai, domin bambancin yana da girma. A kuma tambayi ƙasar da motar ta fito, don a san ma'aunin da aka rubuta lambar da shi. Akwai manyan motoci masu ƙarfi da aka ƙera don man gama-gari, kuma ga mai zirga-zirga tsakanin Kwoi da Kagoro da Kaduna, su ne za su ba shi abin da ya biya.

Sauran aikin na hukuma ne. Lokacin da gwamnati ke biyan tallafi tana ƙayyade farashi ɗaya, ana iya cewa fetur iri biyu zai rikita lissafi. Wannan uzuri ya ƙare tun da aka cire tallafi. Ghana, wadda kasuwarta ba ta kai ta Najeriya ba, tana sayar da 91 da 95 gefe da gefe, kowa ya ɗauki wanda ya dace da motarsa da aljihunsa. Ƙasar da ke da matata mai ganga 650,000 ba ta rasa yadda za ta yi haka ba. Kafin a kai can ma, akwai abin da ba ya buƙatar sabuwar matata ko sabon bututu: NMDPRA ta wajabta wa kowane gidan mai ya rubuta lambar oktan da yawan sulfa a jikin famfo, jami'anta su riƙa ɗibar samfuri daga ramukan Kafanchan da Zonkwa da Kachia da Kwoi, musamman da damina, su kuma wallafa sakamakon da sunan kowane gida. 'Yan majalisar da ke wakiltar kudancin Kaduna da shugabannin ƙungiyoyin direbobi na yankin su ne suka fi kusa da za su nemi a yi hakan, kuma ya kamata su nema.